Hannun Malami a Hawan Maƙogwaro

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Ƙaura Namoda a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Malami mai koriyar mota, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri mai ɗan gemu. Ba ya magana sai ta kama, in ma ta kama ɗin sai ya yi mata rowa. Mutumin Katuru ne ta ƙasar Shinkafi, ɗan manomi jikan manomi, amma tun yana saurayi ya gane shi da fartanya ba za su daɗe tare ba. Ya gangaro Ƙaura lokacin jirgin ƙasa yana da sauran ƙarfinsa, ya yi dakon buhunan gyaɗa, ya yi wankin mota, har Allah ya sa sitiyari a hannunsa. Motarsa tsohuwar motar soja ce da aka yi gwanjonta, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Ba ta da kyau, ba ta da gudu, ƙofar direba ma da igiya ake ɗaure ta. Amma a kai ta gindin dutse a ga aiki.

Yana da abokai biyu masu irin motar tasa. Akwai Lado, gajere ɗan Zurmi, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana salla. Akwai Muhtari, ƙaraminsu, ƙato mai faɗin kafaɗa da saurin dariya. Da rani kowane direba yana iya kai mutane kasuwar Gurbin Bore. Da damina kuwa, in fadama ta cika ta yanke hanya, ba sauran mafita sai a bi ta duwatsun da ke bayan Birnin Tsaba, ta wani hawa da direbobi suka sa wa suna Maƙogwaro. Matsattsen wuri ne, dutse a hagu, kwazazzabo a dama, ƙasan kuma tudu da rami kamar haƙoran tsoho. Su ukun nan kaɗai ke bin sa da kaya da mutane, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya bi shi shi kaɗai ba.

Ga yadda suke yi. In sun iso gindin hawan sai su tsaya gaba ɗaya. Masu ƙafa su sauka su hau a ƙasa, a bar tsofaffi da masu goyo a cikin bodi. Daga nan mota ɗaya ce za ta hau, su ukun kuma duk a kanta suke. Ɗaya yana tuƙi. Ɗaya yana gaba, yana tafiya da baya, idonsa a kan tayoyi, yana nuni da hannu: hagu, dama, sannu, tsaya. Na ukun yana biye da tayar baya ɗauke da weji, wani guntun itace mai nauyi, don in injin ya mutu ya cusa shi ƙarƙashin taya kafin motar ta gangaro. Dokarsu guda ce, Malami ne kuma ya kafa ta: mai tuƙi ba ya kallon hanya, hannun abokinsa yake kallo. Daga kujerar direba hancin mota ya rufe komai, wanda ke ƙasa shi ke ganin gaskiya. Ko zuciyarka ta ce maka dama, in hannu ya ce hagu, hagun za ka yi.

Da yake Malami ne babba, shi ya fara sanin dutsen ya koya musu, ba su taɓa barin sa ya ɗauki weji ba. In ba tuƙi yake ba, to shi ne mai nuni. Yana jin daɗin wannan fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Mutum ne da bai tara komai ba a duniya, amma a Maƙogwaro in ya ɗaga yatsa ɗaya, ƙarfe mai ɗauke da buhuna da rayuka sai ya tsaya cak. In sun gama haurar da motocin sukan zauna a kan wani falalen dutse su sha furar da suka sayo, Lado yana tsokanar kowa, Muhtari yana dariya har da buga cinya. Malami ba ya cewa komai, amma a duk mako wannan zaman yake jira.

Idon Malami ya fara lalacewa ne a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Gefe-gefen gani ya soma cinyewa, sai ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu: abin da ke gabansa sosai yana ganinsa, abin da ke gefe kuma sai ya juya kai. Daga baya na gaban ma ya fara yin hazo. Ya sa kwalli, ya wanke da ruwan tofi, ya ce gajiya ce. Bai gaya wa iyalinsa ba, balle abokansa. Ba yunwa yake tsoro ba, don 'ya'yansa sun kawo ƙarfi. Abin da yake tsoro shi ne ranar kasuwa ta zo, ya ji ƙarar motocin nan sun fita daga tasha, shi kuwa yana zaune a zaure yana korar ƙuda.

A cikin wannan hali ne wata rana Lado ya sauko zai yi masa nuni, riƙe da fararen murafen kwano guda biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Mi nene wannan kuma?" in ji Malami ta taga.

"Wayewa ta, Dogo," in ji Lado. "Ba ka ga 'yan sandan Gusau da hwarar safar hannu ba? Tunda anka ba mu jiha ai mu ma sai mu yi ado. Na matata Zulai na, na sato. In ta tambaye ka, ba ka gani ba."

Muhtari ya yi dariya har ya kusa yar da weji. Malami ya girgiza kai ya ce Lado ba zai girma ba. A ransa kuwa hamdala ya yi, don murafen nan suna haske tar a idonsa, alhali hannun Lado ya daɗe da komawa inuwa. Ya ɗauka Allah ne ya rufa masa asiri ta hanyar shashancin abokinsa. Haka mutum yake, in yana son ya yarda da abu ba ya tsananta bincike.

Da aka ƙaddamar da Shari'a aka ce kada a riƙa cakuɗa maza da mata a mota, su ba su sha wahala ba, tunda motocinsu uku ne. Maza suka koma wajen Lado da Muhtari, mata kuma da bakinsu suka zaɓi koriyar mota. Wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da nono, Asta, ita ce ta yanke maganar. Ta ce shekara da shekaru tana shiga motar Malami nononta bai taɓa zubewa ba. Tun daga ranar bodinsa ya cika da ƙore da tabarmi da jarirai, shi kuma nauyin da ke ƙirjinsa ya ƙaru, ya ci gaba da yin shiru.

Ranar da abin ya fito fili, an kwana ana ruwa, gari ya waye garau. Suka iso Maƙogwaro da hantsi. Motar Lado ce za ta fara hawa, Malami ya wuce gaba ya juyo ya ɗaga hannuwa. Ya san wurin nan kamar tsakar gidansa. A tsakiyar hawan akwai inda ake karya sitiyari dama kaɗan don a kauce wa wani ƙusumbin dutse, ya yi nunin nan sau ba adadi. Da suka kai wurin ya kaɗa hannu dama. Motar ta yi hagu. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, har da tsawa. Motar ta ci gaba da hagunta, ta haye kan ƙusumbin tana nishi, bodi yana gogar dutse, ta wuce shi ta tsaya a sama.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya taka zuwa gefen daman don ya nuna wa Lado inda ya kamata tayarsa ta bi, sai ƙafarsa ta taka iska. Muhtari ne ya cafke masa riga ta baya. Malami ya durƙusa ya laluba da hannu. Ruwan daren jiya ya zaftare gefen hanyar gaba ɗaya, wurin da ya yi ta kiran mota ta bi ba komai a cikinsa sai rami har ƙasan kwazazzabo.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe, Lado ya riga ya sauko yana sosa ƙeya.

"Lado, mi yah hana ka bin hannuna?"

"Sitiyarin na yak kuɓuce min, Dogo. Ka san halin tsohuwag ga."

"Tun yaushe sitiyarinka ka kuɓucewa?"

Lado ya kau da kai. Muhtari ne ya amsa, kansa a ƙasa.

"Tun damanar bara waccan, Yaya. Mukan leƙo ta taga mu bi abin da munka gani."

"Kuma kunka bar ni ina ta kaɗa hannu kamar mai korar tsuntsu ga gona?"

"To mu ce maka mi?" in ji Lado. "Kai kak koya muna dutsen ga. Na sha ɗaura niyya tun daga gida, in na gan ka bakina ya ƙiya."

Wannan ita ce karar mutanenmu, kuma ni har yau ban san ko in yabe ta ko in zage ta ba. Magidanta biyu masu iyali sun yi damina biyu suna hawa Maƙogwaro ba mai nuni, suna leƙe ta taga, rayukansu da na fasinjojinsu a hannun Allah, don kawai kada babbansu ya ji kunya. Malami ya tuna murafen kwanon Zulai, ya gane ba wayewa ba ce, ba kuma shashanci ba. Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Abin da ya zo masa kunya ce da tausayi a haɗe.

Ya gangara wajen motarsa a hankali. Tsofaffi da masu goyo suna zaune a bodi, ba su san abin da ya faru a sama ba.

"Malami, mu tahi mana, nono na tsami," in ji Asta. Ta juya ga wata mai jego da ke ƙanƙame da jaririnta. "Ke kwantar da hankalinki. Mu in Malami na gaba, barci mukai."

Ya shiga ya ɗaure ƙofa da igiyarta, ya tayar da injin. Can gaba fararen abubuwa biyu suka ɗago suna jiransa. Ya san zai iya. Lado ba zai kai shi rami ba, hannunsa kuma bai manta sitiyari ba. Amma bayan Maƙogwaro akwai sauran hanya, akwai awaki, akwai yaran da ke fitowa da gudu daga lungu a bakin kasuwa, kuma ba Lado da zai yi ta tafiya da baya a gabansa har Gurbin Bore. Ya ji jaririn nan ya yi ɗan kuka a bayansa, uwar tana jijjiga shi. Ya kashe motar ya kwance igiya ya sauko.

"Muhtari, kawo wejin. Hau ka ja matan ga."

"Haba Yaya, weji kuma? Ai wannan ba aikinka ba na."

"Shi ba ya son ido, kunne shika so. Kawo."

Muhtari ya miƙa masa da hannu biyu, yana share fuska da kafaɗa. Malami ya rungumi itacen, ya ji ashe haka yake da nauyi. Ya dafa bodi da hannu ɗaya, ya karkata kai wajen injin, ya bi tayar baya taki-taki har sama. Asta ta leƙo ta gan shi a ƙasa, ta koma ta riƙe ƙwaryar nononta. Ranar sau biyu Muhtari ya yi hanyar kasuwa, don sai da ya kai matan sannan ya dawo ya ɗauki tasa.

Daga baya 'ya'yansa sun kai shi asibiti a Gusau, aka ce an makara, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Koriyar mota ta koma hannun Kamalu, ƙanen Muhtari, magidanci mai natsuwa. Malami bai zauna a zaure ba. Duk ranar kasuwa yana gidan gaba kusa da Kamalu, wejin a tsakanin ƙafafunsa, kuma ya yi shekaru a haka har ganin ya tafi gaba ɗaya. Direbobin Ƙaura sun ce ba a taɓa mai weji kamarsa ba, wai kafin injin ya yi tari ya riga ya sunkuya. Ina jin akwai ƙarin gishiri a ciki, amma ba na musu da su.

Abin da shi kansa ya fi tunawa da shi ya faru ne a kan falalen dutsen nan, a ranar da ya sauka daga tuƙi. Sun zauna shan fura, sai ya ji ƙarar ƙarfe. Lado ne ke goge murafen da bakin rigarsa.

"Ka mayar ma Zulai kayanta," in ji Malami. "Baiwar Allah ta yi haƙuri."

"Wane haƙuri?" in ji Lado. "Ita tab ba ni su. Cewa ta yi su sunka hi haske."

Malami ya riƙe ludayin a hannu, bai kai baki ba. Ashe har matan cikin gida sun sani, kowa ya taya shi ɓoyewa. Muhtari ya tura masa ƙwaryar gabansa a hankali, daidai inda hannunsa zai same ta.