Nokawut ɗin Kiran Guilan

Shekara arba'in da ɗaya Kuang Desheng ya yi yana naɗa nokawut a wata rumfa bayan ƙauyensu, cikin tsaunukan Hunan. Jar takarda, albarushi da lagwani, iya abin da ya sani ke nan a duniya. Sana'ar ta ci masa yatsa ɗaya da rabi, ta cinye jin kunnuwansa duka biyu, amma bai taɓa ƙorafi ba. Cewa yake kunne ba shi da aiki sai kwaso gulma, nokawut kuwa a ƙirji ake jin sa.

Matarsa Guilan ce ke kitsa masa su, ɗari ɗari a igiya guda. Tana kitso tana tari, har tarin ya zama kamar sunanta. A lokacin kaka Guilan ta rasu. Likita ya ce huhunta ya gama aiki tun tuni. Kuang bai yi kuka ba. Ya ci abinci a ranar, ya ci washegari, ba tare da ya san me yake taunawa ba.

'Yarsa Meizhen ta kwashe shi a mota zuwa birni, hawa na goma sha bakwai. Can doka ta hana nokawut saboda hayaƙi, an manna takardar har cikin lif.

"Baba, dubi sama!" in ji Meizhen, bakinta a kunnensa na hagu. "Da can bayan biki kwana uku ba ma ganin ginin da ke gabanmu."

Ya duba. Sama garau. Ya gyaɗa kai, don ba wawa ba ne, ya fi masu dokar sanin abin da hayaƙin ke yi wa ƙirji.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa. A jajibirin sabuwar shekara ba a taɓa abinci sai an jera wa mamata kwanukansu, an kunna nokawut a ƙofa don su ji, su san gida, su zo. Wannan ce shekarar Guilan ta farko a cikinsu. Matar da ko kasuwar gundumarsu sai ta ɓata, ina za ta gane ƙofa ɗaya cikin ƙofofi dubu masu fenti iri ɗaya? Shi ya sa ya ɓoye igiyar ƙarshe da ta kitsa a gwangwanin shayi, ƙarƙashin rigunansa.

Ranar jajibirin, da rana ta yi sanyi, kifi na kan wuta, ya ɗauki gwangwanin ya sauka. Bai kai bakin get ba ya ci karo da Goggo Peng, maƙwabciyarsu mai jan ƙyalle a damtse, wadda kwamitin unguwa ya sa sintiri. Bokitin ruwa na gefen ƙafarta.

"Tsoho Kuang! Shayi za ka sha a wajen ajiye motoci? Da ashana?"

"Na'am?"

"Kar ka yi min kurumtar ƙarya, na san ta gaskiyar! Buɗe."

Ya buɗe. Ta ga kitson, ta gane shi, don ita ma 'yar ƙauye ce.

"Na tsohuwata ne," ya ce. "Ba ta san gidan ba."

"Kai ma ka sani," ta ce, wannan karon ba ihu, sai leɓenta ya karanta. "Ga kyamara can. Kai ba abin da za a yi maka, 'yarka za a kira."

Da hannunsa ya saka igiyar a bokiti. Ya tsaya yana kallon ruwan yana yin ja. Ya jira ya ji wani abu, haushi ko baƙin ciki, bai ji komai ba. Sai yatsunsa da suka yi sanyi.

A sama ya tarar Meizhen ta rataye wani dogon abu na roba a bakin ƙofa, ja, da wayar lantarki.

"Nokawut na zamani ne, Baba!" mijinta ya kwatsa masa. "Ba hayaƙi, ba shara, kuma ba ya cin yatsa!"

An jera kwanuka. Na Guilan da tsinkayen cin abincinta da ɗan kofin giyar shinkafa. Aka buɗe ƙofa, Meizhen ta danna maɓalli. Fitilu suka hau walƙiya. Surukin ya toshe kunne yana dariya, ashe dai abin yana ƙara.

Kuang ya matsa ya ɗora tafin hannu a kan robar. Ya matsa kuma har ƙirjinsa ya taɓa ta. Shiru. Sai da ya ga surukin ya sauke hannuwa ya gane an gama.

"Baba, zo mu ci, kifi zai huce," in ji Meizhen.

"Meizhen," ya ce, "ni da nake raye, na jingina da shi, ban ji ba. Ita fa?"

Meizhen ta tashi za ta tura ƙofa, don sanyi na shigowa.

"Bar ta a buɗe," ya ce.

Ya ɗauki kwanon Guilan, ya ja kujera zuwa bakin ƙofa, ya zauna yana kallon lif.