Ƙwan da Na Ba Aminiyata Ajiya

Shekarar da ciwon kaji ya ratsa ƙauyenmu, kaji goma sha bakwai gare ni, biyu suka rage. Da bazara ne. Sai ka ga kaza ta raɓe a gindin katanga ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, kafin la'asar ta mutu. Na jiƙa musu barkono da sassaƙen maɗaci kamar yadda kowa yake yi, na sayo jan kafso na zuba a ruwan shansu, duk bai hana ba. Biyun da suka tsira ƙanana ne, ko ƙwai ba su fara ba.

Ni malamar firamare ce, aure ne ya kawo ni wannan ƙauye na ƙasar Makoɗa. Lokacin da na zo ban san komai a kan kaji ba sai ci. Maƙwabciyata ce ta koya mini, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ta girme ni da 'yan shekaru, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya mace guda, wadda daga baya ta yi aure a wani ƙauye gaba da mu. Ita ta nuna mini yadda ake zuba toka a ƙarƙashin ƙaiƙayi a cikin akurki saboda ƙuma, da yadda ake jefa ƙwai a ruwa, mai kyau ya nutse, lalatacce ya taso. Ita ta koya mini gane kazar da kwanci ya kama da gaske, wadda za ta kumbura ta sare ka idan ka miƙa hannu, da wadda za ta yi kwana uku ta tashi ta bar ƙwai ya huce. Haihuwata huɗu, duk a hannunta yaran suka faɗo. Tana ce mini Malama, ina ce mata Aminiya, har mutanen gari suka daina tambayar ɗayarmu ba tare da ɗayar ba.

Ina da wa a Shanono, manomi, mai son kiwo tun muna yara. Yana da wasu kaji manya, jajaye, masu tsirarar wuya, waɗanda ba su damu da zafi ba, ƙwansu kuma babba ne mai kaurin ɓawo. Da ya ji abin da ya same ni, sai ya ce in zo ranar Asabar. Na tarar ya tara mini ƙwai goma sha biyu na kwana huɗu, ya jera su a ƙwarya cikin ƙaiƙayin gero, tsinin yana kallon ƙasa.

"Kada ki bari su wuce mako ba a sa su a kwanci ba," in ji shi. "Kuma ki riƙe ƙwaryar a cinya, kada ki ajiye a ƙasan mota."

Haka na yi. Direba yana ta yi mini dariya, wai kamar na ɗauko jariri.

Matsalar ita ce ba ni da kaza mai kwanci. Aminiya kuwa ciwon bai gama da nata ba, kuma wata baƙar kazarta, tsohuwa mai haƙuri, ta kwana biyu da kwantawa. Ni na nemi alfarmar, ba ita ta kawo shawarar ba, wannan ina faɗa saboda gaskiya. Muka yi magana a kan duk abin da aka ƙyanƙyashe za ta ɗauki huɗu. Ta ce, "Haba Malama, har sai an yi rabo tsakaninmu?" Na ce sai an yi. Na ɗiga wa kowane ƙwai shuni a gindi domin kada ya gauraya da na sauran kaji, muka kwashe nata, muka tura nawa a ƙarƙashin baƙar kazar. Ta gyara su da baki, ta lafe.

Mako uku ban fasa zuwa ba. Kullum na taso daga makaranta, kafin in cire mayafi, sai na zagaya gidanta da tafin dawa ko gero da 'yar dusa. In tsuguna a bakin akurki in leƙa. Idan kazar ta fita shan ruwa, in hango ƙwai da ɗigon shuninsu, in ƙirga, goma sha biyu cif. Sau ɗaya na ce zan ɗauki guda in shiga ɗaki in haska shi da tocilan in ga ko jijiya ta fito. Aminiya ta riƙe hannuna.

"A'a Malama, bar su. Wannan kazar idan aka taɓa mata ƙwai tashi take yi."

Ita ce malamata a wannan fanni, sai na bari. Na riga na sa mai gidana ya gyara akurkina, ya saƙa mini sabon kwando na kifewa saboda shirwa. Har wurin da zan riƙa tono musu gara na zaɓa.

Kwana ashirin da ɗaya, shiru. Ashirin da biyu, na ɗauki guda na kara a kunne, babu motsi. A na ashirin da huɗu kazar ta gaji, ta tashi ta bar su. Muka kwashe muka kai bayan gida, na fasa na farko a kan dutse. Ruwa ne kawai, gwaiduwa ta narke, ga wari. Na fasa na biyu, na uku, har na ƙarshe. Ba mataccen ɗan tsako ko guda, ba ko ɗigon jini. Baragurbi na san shi, ana samun biyu ko uku a kowane kwanci, amma wannan ƙwai ne da zakara bai taɓa hawa uwarsa ba.

Aminiya ta toshe hanci da gefen zane, ta girgiza kai.

"Malama, ni dai ba na son shiga tsakanin 'yan'uwa. Amma wannan ƙwan gidan gona ne, irin na kanti."

Ban jira na huce ba. A nan tsakar gidanta na kira wana a waya. Na ce, "Yaya, in ba ka son ba ni irin kajinka, ai sai ka faɗa mini. Me ya sa za ka sayo ƙwan kanti ka jera mini a ƙaiƙayi?" Ya ce, "Ni kike faɗa wa haka?" Na ce shi fa. Na ƙara da wasu maganganu na tun rabon gonar mahaifinmu, waɗanda na ɗauka na manta da su. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya kashe wayar. Aminiya tana tsaye a gefena duk ta ji. Ta kawo mini ruwa a moɗa, ta ce in sha, zuciya ba ta da kyau.

Wata biyu ni da wana ba mu yi magana ba. Ƙaramar salla ta zo ta wuce, ban je ba, bai aiko ba.

Da damina ta kankama 'yar Aminiya ta haihu. Ranar suna ta faɗo ranar aiki, kuma tun ana saura kwana uku Aminiya take ce mini kada in wahalar da kaina, hanya ta lalace, za ta isar da gaisuwata. Na ɗauka tausayina take ji. Yarinyar da na yi wa kitso tun tana rarrafe, ina zan ƙi zuwa sunanta? Da aka tashi makaranta mai gidana ya ɗauke ni a babur, muka bi ta cikin gonaki, dawa ta kai gwiwa.

Gidan cike yake da mata. Na shiga ɗaki na ɗauki jariri, na yi barka, na fito neman buta. A bayan rumbu na gan su. 'Yan kaji ne guda tara, sun fara girma, jajaye, kowanne wuyansa tsirara kamar an fige. Na tsaya da buta a hannu. Na ce a raina ai ba wana kaɗai ke da irin waɗannan ba a duniya. Sai ga mai jego ta fito a hankali, tana dafa bango.

"Inna Malama, kin ga 'ya'yanki? Wallahi kullum sai na ce Inna ta yi miki godiya. Goma suka fito, shirwa ta ɗauki ɗaya."

Na ce, "'Ya'yana?"

"Ƙwan da kika ba ta ta kawo mini mana, lokacin kazata tana kwanci. Masu shuni. Ta ce daga Shanono kika ɗauko saboda ni. Ba ta faɗa miki sun yi ba?"

Fuskarta babu komai sai murna. Na ce, "Ta faɗa mini. Allah ya sa musu albarka." Na ajiye butar ba tare da na yi abin da ya fito da ni ba. Da na juyo sai na hango Aminiya a bakin murhu tana kwasar tuwo. Ta ga inda na fito. Ludayin ya tsaya a hannunta, sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kwasa.

Ban yi mata magana a gidan mutane ba. Washegari da hantsi na shiga gidanta, na zauna a kan turmi, na ce ta faɗa mini yadda aka yi. Ba ta yi musu ba. Ta ce kwana ɗaya da sa ƙwan ta kwashe su ta kai wa 'yarta, ta tsaya wurin mai shayi a bakin titi ta sayi goma sha biyu masu kama da su, ta ɗiga musu shuni.

"Malama, yarinyar nan ba ta da ko tsinke a gidan nan. Ke kina da albashi, kina da ɗan'uwa mai kaji. Na ce in waɗannan ba su yi ba, ai zai sake ba ki."

Na ce, "Da kin tambaye ni, da na raba biyu na ba ta."

"Kunya na ji."

"Kunyar tambaya kika ji. Mako uku ina kawo tsaba ina tsugunawa a gaban ƙwan mai shayi, kina kallona. Na zagi wana a tsakar gidan nan, kika ba ni ruwa."

Sai ta fara kuka, ta ce sharrin shaiɗan ne, za ta karɓo mini biyar daga cikinsu. Na ce kada ta kuskura ta taɓa kajin yarinyar. Na tashi na fita. Satar ƙwan da kanta ba ta tsaya mini a rai sosai ba, na san abin da uwa take iya yi saboda 'yarta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne bakinta ne ya fara furta cewa ƙwan gidan gona ne, kuma ta san a kan wa maganar za ta faɗa.

Ranar Asabar na tafi Shanono. Na tarar da wana a gona yana noman gyaɗa. Na durƙusa a kan kunyar gyaɗa na ba shi labari duka, na roƙe shi gafara. Ya jingina da fartanya yana saurare. Da na gama ya ce, "Na yafe. Amma ke da ni ciki ɗaya muka fito. Mace ta faɗi kalma ɗaya, ko tambayata ba ki yi ba." Da zan tafi ya kama mini kaza guda da 'yan tsakinta shida ya sa a kwali. Muna gaisawa yanzu, muna zumunci, amma ya daina kirana haka kawai don hira kamar da, kuma maganar gonar da na tono ba ta koma inda take ba.

Mai gidana ya yi ta ba ni baki, liman ma ya aiko matarsa, har na ce na yafe wa Aminiya. Muna gaisawa da safe. Idan ba ta da lafiya ina aika kunu. Amma ban ƙara zama a tsakar gidanta ba, ita ma ba ta ƙara nema ba.

'Yar tata har yau ba ta san komai ba. Kajinta sun yi yawa, da su ta sayi tunkiya. Duk lokacin da ta zo ganin gida sai ta shigo wurina da ƙwai biyar ko shida a ƙulle a ɗankwali, ta durƙusa ta ce, "Inna Malama, ga na kajinki." Ina karɓa, in sa mata albarka, in tambayi yara. Idan ta tafi sai in soya wa 'ya'yana. Ni ban taɓa iya ci ba.