Ranar da Aka Yi Jarrabawa da Ƙafata

A shekarar da aka sake buɗe masallatai bayan annobar korona, ina wata na bakwai a ajin yaƙi da jahilci, babban likitan da ke duba ni kan ciwon suga ya roƙe ni alfarma. Ya ce akwai sababbin likitoci da ke ƙarin koyo a ƙarƙashinsu, za a yi musu jarrabawa da majinyata na gaske. Manya za su zauna su ba da maki, majinyaci ma za a ba shi takarda ya faɗi nasa. Na amsa.

A lokacin ina da gyambo a ƙarƙashin yatsun ƙafar hagu. Ƙusa na taka a Kasuwar Malam Atta, inda nake sayar da doya, kusan sati uku ke nan. Ban gaya wa kowa ba. A cikin trotro, motar haya, daga unguwarmu Maamobi na yanke shawara in ɓoye shi. A tunanina, idan cuta ta yi yawa jarrabawa za ta yi wa ɗan mutane wuya, ya faɗi saboda ni. Har safa biyu na sa.

Wadda aka haɗa ni da ita siririya ce, Hausarta haɗe da yaren Twi. Manya uku, har da babban likitana, na zaune da biro. Duk abin da ta tambaya sai in ce da sauƙi, alhamdulillahi, kamar yadda aka rene mu. Ta auna jini, ta duba ido. Sai ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Baaba, wannan zafin na Accra, safa biyu? Ko Landan za ka daga nan?"

Na ce sanyin asibiti ne. Ta ce a unguwar Kawukudi ta girma, ta san irin "da sauƙi" ɗin dattawan zango, kakanta ma da sauƙi yake cewa har ranar da aka kwantar da shi. Ta durƙusa ta cire safar da kanta. Warin ya cika ɗakin. Babban likitana ya ajiye biro ya taso, domin shi ma bai sani ba.

Kafin a kai ni gado nas ta kawo takardar, ta buɗe tawadar dangwale. Na ce ta ba ni biro. Na daɗe a kan layi ɗaya, haruffan duk sun karkace, amma na rubuta da Hausa: ta kama ni ina ƙarya, a ba ta duka makin. Nas ɗin ta ce sai an nemo mai fassara. Na ce a nemo.

Yarinyar ta ci jarrabawar. Ita ta riƙa wanke min ciwon har na warke. Babban likita ya ce da na ƙara sati guda, daga gwiwa za a yanke.

Na rasa yatsu biyu, da sati shida na kasuwa, da azumi goma sha ɗaya da na rama daga baya.