Rabin Askin Tela

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai askin nan na ƙarshen layi ya san hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Shagon ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, bencin masu jira, madubin da ya tsage a kusurwa aka liƙe shi, sai talabijin can sama kusa da silin. A gefen madubin akwai wani faffaɗan kwali da aka yanko daga kwalin firji, an kafa shi da ƙusa huɗu. A jikinsa aka jera 'yan resilin goma da suka fi kowa tun da aka fara kokawa a duniya, daga na ɗaya zuwa na goma. Mai Aski ne ya zaɓe su. Da kansa ya yi shawara, kuma shawarar ta gamsar da shi.

Tun yana koyon aiki a wajen ubangidansa ciwon resilin ya kama shi. Talabijin ɗin ubangidan nan hoto kawai take nunawa, muryarta ta mutu tun kafin a sayo ta, saboda haka bai taɓa jin sunan ɗan kokawa ko ɗaya ba. Sai ya raɗa musu nasa. Akwai Buhun Siminti, akwai Dogo Mai Kuka, akwai Angon Ƙarya wanda ke shigowa da alkyabba mai ƙyalƙyali ya fita da ɗan kamfai. Har ya buɗe nasa shagon, ya yi aure, ya aurar da 'ya, ya sayi talabijin mai magana, sunayen nan ba su canza ba. Muryar ma rage ta yake yi, domin a ganinsa masu sharhin ba su san komai ba, surutu kawai suke cika wa mutane kunne da shi.

Yadda yake auna gwani ma nasa ne shi kaɗai.

"Ku kuna kallon ƙirji da damtse," in ji shi, yana nuna masu jira da mataji. "Ni ƙeya nake kallo. Shekara talatin ina tsaye a bayan mutane. Nuna mini ƙeyar mutum ko daga nesa, in faɗa maka ko wane ne, in faɗa maka ko jarumi ne ko rago."

Da wannan ilimin ƙeya ya ɗora Mai Takunkumi a lamba ta ɗaya. Wani ƙato ne mai rufe kansa gaba ɗaya da baƙin ƙyalle, ba a ganin komai sai idanu da ɗan bayan wuya. Ya yi zamaninsa yana kayar da maza, rana ɗaya aka daina ganinsa. Mai Aski ya ce rashin abokin karawa ne ya sa shi ritaya. Bayan ɓacewarsa wani ya ɓullo, kansa tal kamar ƙwan lantarki, aka sa masa Mai Sanƙo. Wannan kam Mai Aski ya tsane shi tun ranar farko. Mutumin da bai taɓa buƙatar mai aski ba, ina zai yi albarka? Sai dai yana cin wasa, ba yadda za a yi a hana shi shiga kwali, don haka aka jefa shi lamba ta goma, aka rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe.

Masu zuwa shagon sun san doka. Ana gardama kafin reza ta hau wuya, in ta hau, sai "haka ne, Malam." Wani direba ya taɓa mantawa, ana cikin gyara masa gefe ya ce ai resilin duk shiri ne. Wata guda ya yi yana yawo da kai a karkace. Mai Aski har yau cewa yake shi ya motsa.

Mutum ɗaya ne dokar ba ta hau kansa ba, shi ne Tela, wanda shagonsa ke ƙofa ta huɗu daga nan. Tare suka taso, tare suka yi ƙuruciyar kallon kaset, kuma Tela ɗan gani-kashe-nin Mai Sanƙo ne. Duk Asabar da safe sai ya zo aski, ko gashi ya fito ko bai fito ba, su yi ta cacar baki a kan lamba ta ɗaya da ta goma har maƙwabta su leƙo. Shekara uku ke nan da rasuwar matarsa, 'ya'yansa duk suna wasu garuruwa, amma Asabar ɗin nan bai taɓa fashinta ba sai makon da aka yi rasuwar.

Ranar da abin ya faru benci cike yake. Mai Aski ya gama ɓangaren dama na kan Tela, yana shirin zagayowa hagu, sai Tela ya ɗaga haɓa ya dubi kwali.

"Mutumina, yau dai ka gyara abin nan. Mai Sanƙo ya hau sama, wancan matsoracin ya sauko."

"Wane ne matsoraci?"

"Mai ɓoye fuska mana. Namiji da rufe fuska? Ko dai muni ne ya yi masa yawa, ko kuma surukansa ne ba ya so su gane sana'arsa."

Benci ya kwashe da dariya, har wani ya buga ƙafa. Dariyar ce ta yi wa Mai Aski zafi. Ya kashe injin aski.

"Janye maganarka."

"Ban janye ba."

"To injin nan ba zai sake tashi a kanka ba."

"Ya daɗe bai tashi ba."

Aka sake dariya. Nan ne bakin Mai Aski ya riga hankalinsa.

"Me ka sani a kan maza, kai da ba ka da abokin hira a gida sai keken ɗinki?"

Tun kafin ya rufe baki Mai Aski ya san ya yi ɓarna, ya ji kunya ta lulluɓe shi, amma idanun mutane na kansa, girman kai kuma ya riƙe masa harshe. Tela ya kwance ƙyallen da ke wuyansa da kansa, ya kakkaɓe, ya ninke shi tsaf gefe da gefe kamar kayan da za a zo karɓa, ya ajiye a hannun kujera. Ya kifa hularsa a kan rabin askin, ya ce wa masu jira sai an jima, ya fita.

Asabar ta zagayo, Tela bai zo ba. Ta sake zagayowa, shiru. Labari dai yana zuwa, domin shagon aski ba ya rasa mai kawo rahoto. An ce Tela bai je wajen wani mai askin ba, bai kuma taɓa kan da kansa ba. Ya ja hula har kunne, ko zafin rana ba ya sa ya cire, in yana ƙaiƙayi sai ya sosa ta saman hular. Mai Aski ya ce shi me ya dame shi, kan nasa ne? Amma duk Asabar da safe sai ya goge kujera sau uku, motsi kaɗan ya dubi ƙofa. Gardama ma ta daina yi masa daɗi, domin duk abin da ya faɗa sai a ce haka ne. Abota ta shekara arba'in ce take neman zubewa a kan magana ɗaya, ya sani sarai, kuma abin yana hana shi sakat.

"Malam, ka je ka ba shi haƙuri," in ji matar Mai Aski.

"Shi fa ya fara. Kina ji ya ce matsoraci."

"Shi mai takunkumin ya san da zamanka a duniya?"

Zuwan ba shi ne matsalarsa ba, yadda zai je ne. So yake ya shiga shagon Tela da hujja a hannu, ya fara cin gardama tukuna, sannan ya ba da haƙuri daga sama, irin na manya.

A mako na uku babbar 'yarsa ta zo gaishe su, ta biyo ta shago da wayarta mai faɗin allo. Mai Aski ya ga dama ta samu.

"Zo nan. An ce abin nan ba abin da bai sani ba. Nemo mini Mai Takunkumi, ki ga sau nawa ya ci kambu."

"Baba, mene ne sunansa na gaskiya?"

"Na faɗa miki, Mai Takunkumi."

Ta yi dariya, ta ɗauki hoton wata tsohuwar fastar Mai Takunkumi da ke manne a bayan ƙofa, ta yi 'yan danne-danne. Can sai ta daina dariya, ta dubi kwali, ta dubi ubanta.

"Baba, wannan na goman naka, mai sanƙo ne?"

"Rabu da wannan. Na ɗaya nake tambaya."

"To ai... ga shi dai ka gani."

A allon wani dattijo ne zaune a kujera ana hira da shi, kansa tal, baƙin takunkumi ajiye a cinyarsa. Mai Sanƙo ne, ya tsufa, ya yi tumbi. Yana dariya ya ɗauki takunkumin ya zura a kansa, ya miƙe ya yi irin tsayuwar nan da Mai Aski ya shekara ashirin yana kwaikwayo a gaban madubi.

"Aro ya yi," in ji Mai Aski. "Ko sata."

"Baba, mutum ɗaya ne. Ya ce da ya gaji da zafin ƙyallen ne ya cire, ya canza suna."

"Wayar nan ƙarya take. Tsayar mini da shi inda ya juya baya."

Ta tsayar. Ya sa tabarau, ya kawo fuska dab da allo. Ninki biyu a bayan wuya, da ɗan tabo a ƙarƙashin kunnen hagu. Ƙeyar da ya fi sani a duniya ce, wadda a kanta ya gina kwalin gaba ɗaya. Shekara ashirin tana gabansa tsirara, ba ƙyalle ba komai, bai taɓa dubanta ba don haushin sanƙo. Ya zauna a kujerar aski, abin da bai saba yi ba in shago a buɗe yake.

"Wa kika faɗa wa?"

"Baba, yanzu fa na gani."

"To ya tsaya nan."

Ya daɗe a zaune. Hujjar da ya aika a nemo ta dawo ta kama shi. Daga ƙarshe ya sa inji da mataji da tawul a leda, ya ce wa 'yar ta kula da shago, ya taka ƙofa huɗun nan kamar mai zuwa wajen likitan haƙori.

Ya tarar da Tela a kan keke, tef ɗin awo rataye a wuya, allura a baki, hula har kunne. Suka gaisa a taƙaice. Mai Aski ya ture wasu yadudduka ya zauna a bakin tebur, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Akwai wata magana. Mai Takunkumi da Mai Sanƙo..."

"Mutum ɗaya ne," in ji Tela, bai ko ɗago ba.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. Tun ranar da ya fara fitowa ba takunkumi na gane shi. Kafaɗarsa ta hagu ta sauka da inci ɗaya da rabi, duk rigar da ya sa sai ta karkace. Kai kana kallon ƙeya, ni awo nake yi."

Mai Aski ya miƙe tsaye. "Shekara ashirin! Ka bar ni ina zagin mutum da safe ina yi masa kirari da yamma?"

"Wallahi da farko daɗi nake ji. Kullum sai in ce Asabar mai zuwa zan faɗa maka, sai ka sake yin wata katoɓarar, in ce a'a, bari dai tukuna."

Ya tsayar da keken, ya cire allurar daga baki ya soke a hannun riga.

"Bayan uwar yaran nan ta rasu kuma sai na kasa. Kowa ya shigo nan lallaɓa ni yake, ana magana ƙasa-ƙasa kamar ni ne marar lafiya. Yara su bugo waya, Baba ka ci abinci, Baba ka sha magani. Kai kaɗai ne kake daka mini tsawa kamar da. In na faɗa maka gardama ta ƙare, to in zo in zauna a kujerarka in yi me? Gashin nawa guda nawa ne?"

Mai Aski ya koma ya zauna. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Maganar da na faɗa rannan..."

"Gaskiya ka faɗa, shi ya sa ta yi zafi."

"Ka yafe mini, don Allah. Bakina ne."

"Na san bakinka tun ba haƙoran roba a ciki. Ya wuce."

Mai Aski ya share fuska da tawul ɗin aski, ya ce zufa ce. Ya nemi inda zai jona inji, ya zare wayar dutsen guga.

"Cire hular."

Tela ya leƙa waje, ya ga ba mai wucewa, sannan ya cire. Dama ta fara tohowa, hagu ta yi tsiri-tsiri ta kwanta gefe guda saboda matsin hula, tsakiya kuwa ba ruwanta da rigimar, tun tuni ta yi sallama da gashi. Mai Aski ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Ya ɗaura masa wani ragowar yadi a wuya, ya tayar da inji, ya fara daga bayan kunne a hankali.

Mai Aski yana kallon ƙeyar abokinsa, ya ga yadda ta rame a 'yan shekarun nan, bai lura ba sai yau.

"Na yarda mutum ɗaya ne," in ji shi. "Amma kai ma ka yarda, lokacin da yake sa takunkumi ya fi iya kokawa. Yana cirewa ya lalace."

Kafaɗun Tela suka motsa a ƙarƙashin yadin.

"Ƙarya kake!" Ya faɗa da ƙarfin da ya sa mai shagon gefe ya leƙo. "Ta ina yake ganin gabansa a cikin wannan buhun?"

"Daina motsi, kar ka ja mini sharri."

"Ba zan daina ba. Kawo dalilinka."

Askin da bai fi na minti uku ba, har rana ta take tsaka ba a gama shi ba.