Jiƙaƙƙen Gawayin Inna

Inna Mai Gawayi ta fara sana'arta ne a shekarar da mijinta magini ya faɗo daga kan bene, ya bar ta da 'ya ɗaya da rumfar kwano a bakin kwalbati. Da gwangwanin fenti take awo. Sai ta cika shi ya yi tozo, ta ɗora manya biyu a kai, ta ce, "Je ki, kada tukunya ta yi fushi." Layin nan kaf da gawayinta ake hura wuta, daga mai shayi har matan gidajen haya, ga mai guga da ke sallama da ita tun kafin ya buɗe shago. 'Yarta kan tsokane ta cewa ko a lahira da baƙin farce za a gane ta.

Ana nan sai hukuma ta fito da doka: ba gwangwani, ba tsibi, gawayi sai da kilo, a kan sikeli mai hatimi. Wai don a daina cutar talaka. Inna ta yi murna har zuci, domin ta daɗe tana jin haushin masu buga gindin gwangwani ya lotsa ciki. Ta sayar da kayan aikin marigayi, ta sayo sikeli ta kafa.

Ranar da dilan da ke ba ta kaya ya kawo buhunan farko na sabon tsari, nauyi ya cika cif. Ta zura hannu ciki, ta ji sanyi.

"Ɗana, wannan ai ruwa ka sayar mini."

"Inna, dubi allurar sikelin. Ta cika ko ba ta cika ba?"

"Ta cika."

"To ni da doka mun rabu lafiya."

Ta shanya gawayin a rana ya bushe, nauyin ya bi iska. Haka ta yi ta sayen jiƙaƙƙe tana sayar da busasshe, jarin yana zagwanyewa kamar sabulu a kwatami. Ta canja dila, ta tarar duk kanwar ja ce, ta koma wa na farko.

Da ma'aikacin awo ya zo zagaye, ta tare shi da gawayi a hannu, ta fasa masa ya ga danshin cikinsa.

"Mama, mu sikeli aka aiko mu dubawa," in ji shi. "Ruwa ba aikinmu ba ne."

Ya ɗora ƙarfen gwajinsa a kan sikelin nata. Danshi da ƙura sun sa tsatsa ta ci sikelin, allurar ta ɗan kauce. Ta nuna masa cewa kaucewar ma mai saye take ƙara wa. Ya ce kaucewa kaucewa ce. Ya sa sikelin a bayan mota, ga kuma tara. Sai da 'yarta ta je ta durƙusa wa surukanta, suka ba ta kuɗin tarar, sannan aka karɓo shi.

Bayan wannan ne 'yar ta zo wata safiya ta same ta a bayan rumfa da bokiti, tana yayyafa wa gawayin da ta shanya jiya ruwa.

Ba a jima ba mai guga ya zo da farar riga a kafaɗa, hayaƙi ya yi mata dabbare-dabbare.

"Inna, har ke?"

Ba ta ɗaga kai ba. "Kilo nawa za a ba ka?"

Ya juya, bai ƙara taka rumfar ba.

Abin takaicin, tun daga nan ciniki ya miƙe mata. Ta sake kwanon rumfa, ba a kuma ƙara kama sikelinta da laifi ba. Amma wasan da take yi da matan layi ya ƙare. Ta auna, ta juye a leda, ta miƙa tana kallon titi. Tari ya kama ta, ya yi ta cin ta a hankali har ya kwantar da ita wata damina, ba ta ƙara tashi ba.

Cikin masu zuwa ta'aziyya har da dilan nan. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya ce a shekarun baya-bayan nan bai da abokiyar ciniki mai sauƙin kai kamar marigayiya. Da zai tashi ya rage murya, ya tambayi 'yar ko za ta ci gaba da karɓar kaya.

Ta dubi yaranta uku da ke raɓe a bakin ƙofa, ta ce ya kawo bayan sati.