Ƙayar da Na Ja Ranar Juma'a

A shekarun farko na ƴancin kai ina ɗan shekara talatin, ina noman garkar da mahaifina ya bar mini a bakin kori, wato rafin da ke ƙafewa da rani, arewa da Agadez. Dabino tara ne a cikinta da rijiya ɗaya, kuma wallahi a lokacin ko kallon shingena mutum ya yi sai na ce da wata manufa. Zamani ne na raɗe-raɗi. Kullum sai ka ji an ce wane ya je biro, wato ofishin gwamnati, ya yi takarda, ya cinye gonar maƙwabcinsa. Ni ban yi boko ba, saboda haka duk takarda mai hatimi tsoro take ba ni.

Al'adarmu ita ce in damina ta wuce, dabbobi sun cinye abin da za su iya ci, sai mu yi gayya mu ƙone ƙarangiya da karan da suka rage kafin shukar alkama. Ba a sa wuta sai kowa ya janye busasshiyar ƙayar shingensa, an share hanya fes tsakanin garka da garka, dattawa sun zagaya sun duba. Mai shirya mana wannan aiki maƙwabcina ne, tsohon soja, abokin mahaifina, Baba nake ce masa. Yana jin Faransanci, wannan kaɗai ya isa in sa masa ido.

A shekarar na gan shi sau biyu yana fitowa daga biro. Na uku kuwa da takarda a hannu. Na tambaye shi, ya ce takardar izinin ƙuna ce daga masu tsaron daji, wai yanzu gwamnati ta ce sai da ita. Na ce to, amma a raina na ce ka ji tsoho da wayo! Bayan kwana biyu na tarar da shi yana auna taku a iyakarmu, ta bayan dabinona, yana kafa tsinke. Ya ce so yake a faɗaɗa sharar a nan domin iska ta wannan kusurwa take juyawa, in janye ƙayata taku huɗu, bayan ƙuna mu mayar. Na janye don idon jama'a kawai. Na gama yanke cewa in ƙayar nan ta tashi ba za ta koma wurinta ba, takardar nan kuwa ta mallaka ce.

Ranar Juma'a da hantsi dattawa suka zagaya suka ce komai ya yi, za a sa wuta bayan la'asar in iska ta kwanta. Da mutane suka tafi masallaci sai na maƙale. Kaico! Na bar sallar Juma'a na je na ja ƙayar nan na mayar kan iyaka, na tsige tsinkayensa na zubar. Kusurwar a ɓoye take, babu wanda ya sake leƙawa.

Aka sa wuta daga garkar Baba, mu wajen goma sha biyu riƙe da ɗanyar kaba muna bi muna bugun gefenta. Lafiya lau take tafiya har ta kai kusurwar. Nan iska ta juya kamar yadda ya faɗa, wuta ta samu ƙayata ta haye, ta nufi gindin dabino inda busasshen ganye yake jibge. Baba ne ya ruga yana salati, ya kama ƙayar tana ci da hannunsa, ya ja ta baya har sauran suka iso da ƙasa da ruwa. Dabino ɗaya ya babbake, takwas suka tsira. Hannunsa na dama kuwa ya ƙone har yatsu uku suka naɗe, ba su sake miƙewa ba.

Dattawa suka tsare mu da tambayar wa ya bar ƙaya a kan shara. Ina tsaye ina jiran ya nuna ni, domin ya san sarai da idonsa ya ga na janye ta. Ya dube ni sau ɗaya, ya ce musu mantuwarsa ce, tsufa ya zo. Daga baya na sa wani akawu ya karanta mini takardar. Izinin ƙuna ne kawai, har da garkata a ciki. Na kuma gano faɗin da ya auna, rabinsa daga ƙasarsa ya ɗiba.

Shekara bakwai ya yi bayan haka. Kullum in mun gaisa sai ya miƙo mini wannan naɗaɗɗen hannu, ni kuma kunya ta hana ni buɗe baki har Allah ya karɓi abinsa. Wannan ne ke cina har yau.

Na koyi cewa zargi yana sa mutum ya ɓata aikin da aka yi don a tsare shi. Masu karatu, in an yi shara an duba, kada wani ya koma shi kaɗai ya taɓa ko tsinke. In kana shakkar maƙwabcinka, faɗi a gaban jama'a tun ba a ƙyasta ashana ba. In kuma ka riga ka cuce shi, nemi gafararsa yana da rai. Ni ina cin dabinon nan duk shekara, kuma ban taɓa ce masa ni ne ba.