Ranar da Aka Kayar da Hamisu a Langa

Har gobe ban manta da ranar da aka kayar da Hamisu a gabana ba, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina. Ku sabbin malamai kada ku yi mini kallon mugu, ku bari in kai ƙarshe.

A tsakiyar shekarun 1950 ne, ina ƙaramin malami a elementare ta Wudil, zamanin En'e. A ƙa'idar lokacin, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a aiki shi ake ɗora wa filin wasa, don haka ni na samu. Bayan la'asar yaran makaranta da na cikin gari su taru, ni in riƙe usur. Wasan da suka fi so langa ce. Ana raba yara gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya ya yi ta tsalle da ɗayar. Wanda aka ture ya faɗi, ko ya saki ƙafa, ya mutu, sai ya koma gefe ya zauna. Kowane gida yana da ruwa, wato yaron da in ya kai wurin sha an ci wasa.

Hamisu ɗan Malam Garba maɗinki ne, bai wuce shekara goma ba. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu, da sanda yake tafiya. Kullum yana bakin fili yana gadin riguna. Ran nan ya ce mini, “Malam, ni ma fa na iya. Dama da ƙafa ɗaya nake yawo.”

Na kai maganar wurin hedimasta, Malam Abdu, mutum mai tsoron takarda fiye da maciji. Ya ce, “In ya karye, rahoto Kano zai tafi, kuma sunanka ne a kai.” Na ce, “Ranka ya daɗe, na ɗauka.”

Bakina ne kawai ya ɗauka, zuciyata tsoro fal. Sai na yi dabara irin ta mai ganin kansa da wayo. Na tara yaran a bayan aji ba da sanin Hamisu ba, na ce duk wanda ya taɓa shi zai sha bulala. Na kuma naɗa shi ruwa.

Mako biyu Hamisu yana sha. In ya taho, yara su dare su ba shi hanya, ni in busa usur ina jin na yi aikin lada. A mako na uku bai zo ba, ko gadin rigunan ma ya daina.

Na bi shi gida. Na tarar da Malam Garba a zaure yana ɗinkin riga, muka gaisa, na tambayi iyali da aiki, sannan aka kira yaron. Da ƙyar ya ɗago kai. Ya ce, “Malam, ba wasa suke yi da ni ba. Kaucewa suke yi. Ko Bala da yake ture kowa, ni sai ya yi kamar bai gan ni ba.”

Kunya ta rufe ni, na faɗi abin da na yi. Malam Garba bai ajiye allurarsa ba. Ya ce, “Malam, Allah ya saka da alheri, na san tausayi ne. Amma yaron nan ya faɗi ya fi a ƙirga. Yana shekara huɗu na hana uwarsa ɗaga shi, ranar ba ta ci tuwo ba. Da haka ya koyi tashi. In ya karye, ni zan je gaban hedimasta in ce da yardata.”

Washegari na gaya wa Malam Abdu. Sai ya ce a mayar da langar kan yashi a bakin kogi. Na janye dokata a gaban Hamisu, na kuma sauke shi daga ruwa.

Aka fara. Hamisu ya ture yara biyu, don ƙafarsa ta dama ta fi ta kowa ƙwari. Sai ga Bala. Ya ɗan dube ni, na kau da kai. Ya sa kafaɗa, Hamisu ya yi ƙasa rim. Duk muka zuba masa ido. Yaron ya tofar da yashi, ya fashe da dariya, ya ce, “Bala, gobe sai na rama.”

Ya ja jiki ya koma gefe cikin waɗanda suka mutu. Ɗaya ya matsa ya ba shi wuri, wani ya miƙa masa guntun rake, suka shiga gardamar wanda ya yi maguɗi. Tun da na san shi, ranar na fara ganin sa zaune a tsakiyar yara. Idona ya kawo ruwa, na ce musu yashi ne.

Na yi shekaru a aikin nan, an kawo mini yara guragu da kurame da masu raunin gani. Abin da na koya shi ne in gyara musu fili, in tambayi iyayensu, in tambaye su su kansu kafin in yanke musu abin da za su iya. Mu malamai mukan kira tsoronmu tausayi, yaro kuwa yana ganewa. Hamisu ya rama a rana ta uku, kuma Bala bai yi masa sauƙi ba.